Wai da gaske Ittihad ɗin su Muhammad Nur ta fi ta su Benzema, ko dai labarin tsofaffi ne?

Dan_Kurna_a_Jidda:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, yau dai na ce bari in kawo shi nan. Ina aiki a wani shagon kayan gyaran mota a wajen Kilo 7 nan Jidda, maigidan nawa dattijo ne Bahaushe haifaffen Makka, ɗan Ittihad ta Jidda ne na a-mutu, irin wanda in aka ci su da daddare to washegari ba mai iya tambayarsa ko kuɗin shayi. A 2025 da su Benzema da Kante da Fabinho suka ɗauki lig suka haɗa da kofin Sarki na shigo da murnata ina masa barka, mutumin nan ya kalle ni sama da ƙasa ya ce wai waɗannan ai 'yan haya ne, ƙwallo ta ƙare tun zamanin su Nur.

To ni gaskiya a Kano na tashi, gidan kallo muka sani, Firimiya da La Liga, in an matsa a je Sani Abacha a kalli Pillars. Ƙwallon Saudiyya ban san ma ana yinta da gaske ba sai 2018 da Ahmed Musa ya zo Al-Nassr. Kullum maganarsa 2004, 2005, Koriya, Japan, biyar ba ko ɗaya, na haddace lambobin amma ban san labarin ba, kuma in na tambaye shi sai ya fara daga tsakiya ya ƙare da faɗa da wani ɗan Ahli, abokiyar hamayyarsu ta nan Jidda, da ke maƙwabtaka da mu, ni a bar ni a tsaye da sifana a hannu.

Shi ne nake tambaya, wai me ya faru ne a shekarun nan? Kuma don Allah a faɗa min tsakani da Allah, ƙungiyar ce ta kai haka ko dai halin tsofaffi ne, komai na da ya fi na yanzu? Na ji an ce akwai Kyaftin a zauren nan wanda ya taka leda a lokacin, Baba in kana kusa a taimaka mana.

Tsohon_Lamba6:

Wa alaikumus salam ɗana. Ka gaida min maigidan naka ka ce wani ɗan Misfala yana gaishe shi.

Da farko dai ni ban taɓa saka rigar Ittihad ba, kar gobe a ce Kyaftin ya ce. Ƙaramin kulob na buga wa, ɗan tsakiya mai tare, irin kulob ɗin da bana ya hau babban rukuni baɗi ya sauko, albashi ma sai an yi wata da watanni ana cewa gobe. Amma ina ganin shaidata ta fi ta ɗan gida ƙarfi, don ni a jikina na sha abin.

Bari in fara da filin. Lokacin babu Jauhara, babban filin wasan nan na Jidda, ita sai 2014 aka buɗe ta, a filin Amir Abdullah al-Faisal suke wasa can kudancin gari. Kuna saukowa daga bas damshin teku ya fara kama ku, kafin ka gama ɗaura takalmi riga ta manne maka a baya. Kun fito ɗumama jiki kenan, sauran lokaci da yawa a take wasa, amma ɓangarensu ya riga ya cika maƙil, rawaya da baƙi ko'ina, ganga na tashi, mutum ɗaya ke bayar da waƙa dubbai na amsawa, kuma ba sa yin shiru ko an zura musu, a'a sai ma su ƙara. Gola na maka magana daga baya ba ka jin komai sai dai ka ga bakinsa na motsi. Mu da muka saba wasa a gaban 'yan uwa da abokan arziƙi, wallahi tun nan an ci mu ɗaya.

Kocinmu ya ce min kai aikinka lamba 18 ne, ko ruwa ya je sha ka raka shi. Muhammad Nur kenan. Ɗan Makka ne, 1978 aka haife shi, Hausawi ne sunan gidansu, kuma duk wanda ya tashi a ƙwallon unguwa ta Makka da ya ga takunsa ya san daga ina ya fito. Abin da talabijin ba ta nuna muku shi ne mutumin nan ba ya gaggawa. Za a ba shi ƙwallo ya juya maka baya, ya ɗora maka hannu a ƙirji, ƙafafun nan dogaye ya sa ƙwallon can inda ba za ka kai ba, to zaɓi biyu ya rage maka, ko ka yi masa keta a ba ka kati ko ka tsaya kana kallo har ya ga wanda yake son bai wa. In ya so wasa ya yi sanyi sai ya yi sanyi, in ya so ya ɗau zafi fasin ɗaya ne. Hannunsa kullum a sama yana nuna wa wannan matsa, wancan dawo. Za ka bi shi har a je hutu a dawo ka fara cewa a ranka ai yau na riƙe shi, ka waiga sau ɗaya ka duba inda ƙwallo take, ka juyo ka tarar yana cikin da'irarku shi kaɗai. Haka ya yi min, kuma ba ni kaɗai ba, haka ya yi wa Koriyawa. A gabansa ga Hamza Idris ɗan Madina, wanda in ya wuce ka da taku ɗaya kar ma ka wahalar da kanka, shi ne ya ci 33 a lig na 1999/2000, aka yi shekaru ba wanda ya kamo shi sai Hamdallah da 34 a 2019, daga baya Ronaldo ya yi 35.

To 2004. Wasan ƙarshe na kofin zakarun Asiya gida da waje ake yi a lokacin. Seongnam ta Koriya ta Kudu ta zo nan Jidda ranar 24 ga Nuwamba ta ci su 3-1 a gaban jama'arsu. Gari ya yi tsit, 'yan Ahli kuwa ba a magana. Aka sallami koci Tomislav Ivic, babban koci ne fa mai suna a Turai, aka miƙa wa mataimakinsa Dragan Talajic, saura mako guda a koma. Kuma ka lura da lissafin, akwai dokar ƙwallon waje, Koriyawa sun ci uku a nan, kenan ko 2-0 Ittihad ta ci a can bai isa ba, sai uku. Ga sanyin Disamba na Koriya a kan yaran da suka tashi a zafin Hijaz.

Ranar 1 ga Disamba, a nan da rana ne don sun riga mu da awa shida. Mu mun gama tirenin muna ɗakin hutawa na kulob, 'yar talabijin ɗaya a saman firiji, rabinmu ma don dariya suka zauna. Rida Tukar, ɗan baya, ya buɗe. Aka ce to ta ban-haƙuri ce. Daf da tafiya hutu Hamza ya ƙara ta biyu, nan ɗakin ya canza, wanda ya miƙe zai tafi wanka ya dawo da tawul a wuya ya zauna a ƙasa. Aka dawo Nur ya ci ta uku, ita ce ta juya kofin, ya sake cin ta huɗu, can ƙarshe Manaf Abu Shugair ya rufe da ta biyar. 5-0 a gidan mutane, jimla 6-3. Golanmu ɗan Ahli ne na gidi amma da idona na gan shi a kan kujera yana kabbara.

Abin da nake so ka riƙe shi ne duk ƙwallaye shidan nan 'yan ƙasa suka ci su, babu ta baƙo ko ɗaya. Kuma duk wanda ya taɓa zama a ɗakin 'yan wasa ya san babu abin da sabon koci zai koya maka a kwana bakwai, balle rabinsu a jirgi da otal. Abin da ya ci wasan nan ba a allo aka zana shi ba, mutane ne da suka daɗe tare, sun ci lig a 1997, 1999, 2000, 2001, 2003, sun ɗauki kofin masu kofuna na Asiya a 1999, ƙananan sun tarar da manyan suna cin kofi sun ɗauka haka rayuwa take. Nur ya san inda Hamza zai ruga tun Hamzan bai yanke shawara ba.

2005 kuma ba su ma bari an yi musu gardama ba. Koci Iordanescu ɗan Romaniya. Shandong ta China ta sha 7-2 a nan, Busan ta sha 5-0 a Koriya, kai ka ce da gangan suke wa Koriyawa, aka ƙara musu 2-0 a Jidda. Wasan ƙarshe da Al-Ain ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, 1-1 a can, 4-2 a nan, Kallon, Nur, Job da Ahmad Dukhi suka ci. Su ne na farko da suka ɗauke shi sau biyu a jere tun da aka sauya fasalin gasar, kuma a shekarar suka haɗa da kofin zakarun Larabawa a hannun Sfaxien ta Tunisiya, Hamad Muntashari ɗan bayansu ya zama gwarzon ɗan wasan Asiya. Yatsa ya gaji, bari in sha shayi.

Abu_Yasir_Riyad:

Kyaftin Allah ya ƙara lafiya, ka yi bayani kuma 5-0 ɗin nan ba mai musunta ta, ni ɗan Hilal ne amma ranar na yi shiru. Sai dai kar a ruɗi yaro. Maganar wai na yanzu 'yan haya ne na da 'yan gida, wannan kam a rage gishiri.

Kuɗi ne suka yi aiki a lokacin ma. Zamanin shugaban kulob Mansur al-Balawi ne fa, kowa ya san Ittihad ce mai kashe kuɗi a kasuwar 'yan wasa a shekarun nan. Shi Rida Tukar da ya buɗe cin daga Shabab aka ɗauko shi, Sa'ud Kariri daga Qadisiyya, gola Mabruk Zayid daga kulob ɗin Riyad, Hamza kansa ɗan Uhud ne ta Madina, Dukhi kuwa namu ne na Hilal, har yau abin na min ciwo. To ina 'yan gidan? Nur, Muntashari, Usama Muwallad, Manaf, na yarda, sauran sayo su aka yi. Kallon da ya fi kowa cin ƙwallo a gasar 2005 aro aka yo shi daga Monaco, mutumin da ya buga wa Inter, Job kuma aro daga Middlesbrough, in wannan ba haya ba ce to mene ne sunanta? Tun kafin nan ma sun kawo Donadoni a 1999, sun kawo Bebeto a 2002, har Tijjani Babangida namu na Kaduna ya zo aro daga Ajax bai daɗe ba ya kama gabansa. Bambancin kawai lokacin baƙi uku ake bari, da an bar su takwas da takwas ɗin za su cika.

Na biyu, kofin 2005 da ake ta kururutawa, mai riƙe da kofi ba ya buga rukuni a lokacin, kai tsaye kwata fainal ya faɗo. Wasa shida kacal suka buga suka ɗaga kofi. Shida! Je ka ƙirga wasannin da ake bugawa yanzu kafin a kai wasan ƙarshe.

Na uku, kuma wannan 'yan Jidda ba sa son a taɓo shi, a shekarun da suke sarautar Asiya ba su ci lig a gida ba. 2004 Shabab, 2005 Hilal, 2006 Shabab, sai 2007 suka dawo. Kuma in ƙwallon zamanin ce ta fi, wa Jamus ta yi wa 8-0 a kofin duniya na 2002 in ba Saudiyya ba? Ai Nur na cikin tawagar. Mu Hilal huɗu muke da su a Asiya, 1991, 2000, 2019, 2021, mun je wasan ƙarshe na kofin duniya na kulob-kulob mun buga da Real Madrid, a 2025 mun fitar da Man City 4-3, amma ba ma tare yara a shago muna hana su aiki da labari hhhh.

Ɗan Kurna, ƙungiya ce babba ba shakka, amma in aka ajiye ta a fili da ta 2025 ni ban ga yadda za su yi da Kante ba.

Ummu_Hanan:

Salamu alaikum. Ni ba ruwana da ƙwallo, ban san ma waye mai tare waye mai kai hari ba, amma daren Al-Ain ɗin nan ina Jidda kuma ba zan manta ba, don cikin kwanakin ƙaramar sallah ne. Muna zaune a Sabil lokacin, yara duk da kayan sallarsu, maigidana Allah ya jiƙansa ya tafi fili tun la'asar da ƙannena biyu. Mu mata ai ba ma shiga, sai a Janairun 2018 aka fara barin mata shiga filin wasa, to a gidan maƙwabciyarmu muka taru mai babbar talabijin, ita da 'ya'yanta ke gaya mana abin da ake ciki mu namu addu'a ne da soya cincin. Da aka tashi wasa hon ɗin motoci bai tsaya ba har kiran asalatu, yaran unguwa sun hau bayan a-kori-kura da tutoci, mai tsiren bakin layinmu ya ce a ci kyauta har tire ya ƙare, matarsa ta kwana tana masa faɗa.

Abin da Alhajin Riyad bai gane ba, ko ya gane ya ƙi faɗa, mu ba lissafin waye aka sayo daga ina muke ba. Yaranmu a makaranta ana tsokanarsu da baƙin fata da sunan gidansu, sai ga shi kyaftin ɗin da duk gari ke rera sunansa Hausawi ne, ga Fallata biyu Hamza da Rida a gefensa. Babban ɗana washegari da rigar lamba 18 ya je gaida kakarsa a Makka, ya ƙi saka jallabiyar sallar da na kashe kuɗi na ɗinka masa, ta yi ta masa tsiya wai ya zo mata kamar rina. Yanzu shi ma ya zama uba, yana kai 'ya'yansa Jauhara, suna son Benzema sosai amma ban taɓa jin ɗayansu ya ce in na girma ni ne Benzema ba.

Kyaftin a gaida iyali.

Wad_Mairuno:

Jama'a sannunku. Ni ɗan Mairuno ne ta Sudan, aiki ya kawo ni Jidda, kuma wannan gardamar taku dariya take ba ni don irinta muke yi a can ba bambanci. Mu namu 1989 ne, shekarar da Merrikh ta Omdurman ta ɗauki kofin masu kofuna na Afirka, wanda muke ce wa kofin Mandela, kuma a hannun Bendel United ta Nijeriya aka karɓe shi, ku yi haƙuri 'yan Kano, 1-0 a gida canjaras ba ci a waje, Hamid Biraima a raga. Har yau in dattijon Merrikh ya zauna shan jabana, wato gahawarmu, sai ya kawo maganar, 'yan Hilal ɗinmu su ce ai ƙaramin kofi ne su sun je wasan ƙarshe na babban a 1987 da 1992, a ce musu to ina kofin, shikenan sai rigima.

Ni dai abin da na lura, ba a taɓa jin tsohon ɗan wasa ya ce ƙungiyarsu ta yi nasara don kuɗi ba, kullum cewa suke mun zama 'yan uwa, tare muke ci tare muke sha. Masu sauraro kuma su ce to wa ya biya kuɗin abincin. Kyaftin, kai da ka zauna a ciki, wanne ne gaskiya?

Tsohon_Lamba6:

Hajiya Ummu Hanan iyali suna amsawa, Allah ya jiƙan maigida ya sa ya huta.

Abu Yasir, da ka ambaci 8-0 ka manta ka faɗa wa yaro waye a raga ranar. Muhammad Da'ayya' ne, golan wane kulob in ba Hilal ba? Sami al-Jabir kuma a gaba. To a bar wannan maganar a inda take, kowa ya sha rabonsa.

Sauran maganganunka akwai gaskiya a ciki. An kashe kuɗi, an yo aro, wasa shida ne a 2005, duk haka ne. Kuma ɗan Mairuno amsarka kenan, duka biyun ne, don ni na zauna a ɗakin da muke 'yan uwa na gaske, tare muke cin tamis da ful a ƙasa, amma ana bin kulob albashin watanni, 'yan uwantakar ba ta hana mu faɗuwa ba. Sai dai ku duba me aka saya da kuɗin. An sayo 'yan ƙasa suna kan ganiyarsu aka bar su suka zauna shekaru, baƙo kuma ya zo ya cike gurbi ɗaya ko biyu. Kallon ya yi kakarsa ya koma, ƙungiya ba ta rushe ba, 2007 suka ci lig, 2009 suka sake ci, suka koma wasan ƙarshe na Asiya a shekarar, Nagoya ta Japan ta sha 6-2 a nan Nur ya ci uku shi kaɗai, sai a Tokyo Pohang ta Koriya ta ci su 2-1, ita ma ɗayar shi ya ci. Ƙashin bayan bai canza ba, shi ne maganata. Kuma har ya bar ƙwallo ba a taɓa ba shi gwarzon Asiya ba, 2009 ɗin ma Endo na Japan aka ba, wannan kam ko ɗan Hilal ya san ba a kyauta ba.

Japan da maigidan Ɗan Kurna ke ambata, Disambar 2005 ce, kofin duniya na kulob-kulob. Al-Ahly ta Masar ta zo da wasa 55 ba a ci ta ba, su Abu Trika, Hadari a raga, Nur ya zura musu ɗaya aka tashi 1-0. Sai Sao Paulo ta Brazil, ta ci su 3-2, Nur da Muntashari suka ci na Ittihad, har golan Sao Paulo Rogerio Ceni sai da ya zo ya buga fenariti, kuma ita Sao Paulon ce ta je ta doke Liverpool ta ɗau kofi. Neman na uku Saprissa ta Costa Rica ta ci su 3-2. To ka haɗa da 2023 da aka yi gasar a nan Jidda a gidansu, da Benzema da Kante da kowa, Al-Ahlyn nan dai ta Masar ta yi musu 3-1 ta sallame su. Abu Yasir ka ce ba ka ga yadda za su yi da Kante ba, Masarawa sun gani.

Bayan 2009 ne abin ya fara zubewa, manyan suka tsufa, bashi ya yi wa kulob katutu, shugabanni na ta canzawa, Nur kansa ya tafi Nassr a 2013 ya ci lig da su ya dawo, Ittihad ba ta sake ganin lig ba sai 2023 da koci Nuno.

Tambayarka ta wa ya fi, ɗana, ba zan yi maka ƙarya ba, na yanzu sun fi gudu, sun fi ƙarfin jiki, abincinsu da likitocinsu da filayensu ba a haɗa su da namu, mu a zamaninmu ana gobe wasa mutum zai ci kabsa da tsakar dare ya kwanta. In wasa ɗaya ne za su iya cin su Nur. In gida da waje ne kuma aka ci su a wasan farko, ni ina bayan su Nur ido rufe. Abin da ya fi damuna ba ma wannan ba ne, ina zuwa kallon gasar unguwa da azumi a Makka, ina ganin yara masu ƙafa sosai, amma in baƙi takwas ne a fili gurbi uku ya rage, kuma tsakiya da gaba su ake fara cikewa da baƙin. Yaro mai irin wasan Nur yau benci zai zauna har ya kai 25 sannan a ba da shi aro.

dan ahli har abada:

to an gama wa'azin? kyaftin da girmanka amma shekara ashirin kenan kuna cin tsohon tuwo. kofin asiya na 2025 yana ina? a nan jidda a jauhara muka daga shi, kawasaki 2-0, ku kuna gida kuna kallo. kuma tunda ana tuna baya a tuna 2012, wa ya fitar da ku a kusa da na karshe da nur din da kowa a fili?

Tsohon_Lamba6:

Ku ne, ba a musu, 1-0 suka ci ku kuka rama 2-0. Sai kuka je Ulsan aka yi muku 3-0 a wasan ƙarshe. Koriyar nan dai, a tambayi maƙwabta yadda ake zuwa a dawo da kofi.